Ranar da Malam Uba Ya Riga Ruwa

A layin su Malam Uba, Talata da Asabar ake ba su ruwa. Da hantsi ma'aikacin ruwa zai zo bakin babban kanal ya ce bismilla, Malam Uba ya sa mukulli ya murɗa ƙofar farko, ruwan madatsar Tiga ya faɗo cikin ƙaramin kanal ɗin da ya ratsa gonakinsu. Daga nan sai tsere. Ruwan yana tafe kamar mutum mai sauri, yana turo kara da leda da kwaɗi a gabansa. Shi kuma Malam Uba yana gaba a kan keke, yana tsayawa a kowace ƙofar gefe yana rufewa, don ruwan ya miƙe har ƙarshen layi. Ƙa'idar ƙungiyar manoman ke nan, na ƙarshe su fara sha, sannan a dawo baya ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Baƙo zai ce me ya hana shi rufe ƙofofin tun jiya ya huta. To, baƙo bai san manoman rani ba. Kowane gida akwai sifana. In ka rufe da yamma, kafin gari ya waye ƙofa ta buɗe kanta, kuma babu wanda ya ga komai. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne. Idan ruwa ya iske ƙofa a rufe, ba mai taɓa ta sai mai mukulli ya dawo, don ido ya yi yawa. Idan kuwa ya iske ta a buɗe ya shiga da kansa, wannan ba sata ba ce, rabon mai gona ne, kuma ba ka isa ka rufe masa ba sai fangalinsa ya cika. Shi ya sa dole a rufe a gaban hancin ruwan.

Keken da Malam Uba yake wannan aiki da shi ya girmi rabin 'yan ƙungiyar. Irin na tsere ne, siriri, mai kai lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ya saye shi a hannun kukun wani Bature lokacin da yake leburanci a masana'antar fata a Kano. Da giyarsa ta canja gudu ya zo. Bai daɗe da dawowa gida ba wani mai gyara a bakin titin Garun Malam ya duba ya ce wannan tarkacen ba na ƙauye ba ne. Ya kwance komai, ya rage sarƙa, ya bar ta a kan giya mafi nauyi. Haka ake yi wa duk keke mai giya da ya shigo yankin, har yau. A lokacin Malam Uba bai damu ba, cinyoyinsa kamar turmi suke.

Yanzu gemu ya yi fari, gwiwar dama ta fara magana. Hanyar da take bin bakin kanal kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Duk inda burtalin shanu ko hanyar amalanke ta ratsa, sai ta gangara ƙasa ta sake haurowa. Da can a guje yake haurewa. Bana sai ya sauka ya tura, yana jin ruwan yana wuce shi ta gefe. Ruwa ya fara rigan sa ƙofofin tsakiya, na sama suna sha suna ƙoshi, na ƙarshe suna samun abin da bai fi wankin kwano ba.

Bayan sallar Juma'a shugaban ƙungiya, Alhaji Mustapha, ya tara mutane a gindin darbejiyar masallaci.

"Malam Uba, ba wanda ya ce ka taɓa cin amana," in ji shi. "Amma shekaru sun ja. Ga Nasiru da mashin. A ba shi mukullin, kai ma ka huta."

Nasiru yana jingine da mashin ɗinsa yana kallon ƙasa, irin kunyar wanda aka riga aka gama magana da shi. Yaron kirki ne, ba a ce ba. Sai dai gonar ubansa tana bakin ƙofa ta biyu, ta kawunsa tana ta uku, kuma mashin yakan ƙi tashi a inda ya ga dama.

Jaji ne ya yi magana. Bafulatani ne da ya zauna tun zamanin iyaye, yana da 'yan shanu da fangalin albasa a can ƙarshen layi, kuma tun suna samari suke tsokanar juna da Malam Uba.

"Alhaji, in mukulli ya koma sama, mu sai dai mu riƙa jin labarin ruwa a rediyo. A bar wa wannan tsohon Kaɗon abinsa. Gara ya zo a makare da a ce bai zo ba."

Aka yi dariya, aka yi musu, aka tsaya a kan za a ɗan ƙara masa lokaci a gani. Malam Uba yana zaune a gefe. Mukullin, wani ƙarfe mai tsawon kamu guda da hannu a kansa, yana kan cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu har aka tashi.

Washegarin kasuwa ya tura keken har Kura, wajen Hashimu. Shi Hashimu ya yi zaman koyon aiki a wajen 'yan keke na Sabon Gari, ba kamar sauran ba ne da ba su san komai ba sai faci da guduma. Ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da farce, ya shafa wasu 'yan ƙusoshi biyu da suka yi tsatsa a jikin bututun gaba.

"Baba, wa ya dandaƙe maka shi?"

"Ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni dai gwiwa ce ta kawo ni. Ko za ka sa mini wani abu mai laushi?"

"Idan na sa maka mai laushi kaɗai, za ka hau tudu amma a fili akuya ma sai ta wuce ka. Giyarsa za mu mayar masa. Ba irin ta da ba, wadda sai ka saki kai ka sunkuya kana lalube a tsakanin gwiwoyi. Ta yanzu a kan keken take, da babban yatsa kake turawa."

Hashimu ya shiga Kano ya samo kayan gwanjo, Malam Uba ya sayar da ɗan tunkiyar da Hajara matarsa take ce wa na layya. Ranar haɗawa ya zauna a kan benci bai ɗauke ido ba. Sabuwar tayar baya ta fi ta da faɗi, ta ƙi shiga. Hashimu ya kwantar da keken, ya zura katako a tsakanin ƙafafunsa na baya ya danna a hankali har suka buɗe.

"Za ka karya mini shi."

"Ƙarfen da ne, Baba. Irinku ne, a lanƙwasa ku dai, ba kwa karyewa."

A jikin tayar akwai faya-fayan haƙora jere, daga ƙarami har zuwa wani babba kamar murfin kwano. Ƙarƙashinsu Hashimu ya ɗaura wani ƙarfe mai gaɓa da 'yan tayoyi biyu, wanda shi ne yake ɗauke sarƙa daga wannan faifai ya ɗora ta a kan wancan. Ya ja waya daga nan har kan keken, ya ɗaure liba kusa da inda babban yatsa yake sauka. Ya juya feda da hannu, ya tura libar. Ƙas. Sarƙa ta hau. Ƙas. Ta sake hawa.

"Abu biyu za ka riƙe. Ba a canjawa a tsaye, sai ƙafa tana juyawa. Kuma kada ka jira sai ka hau tudu, tun kana ganinsa za ka sauƙaƙa."

A hanyar gida Malam Uba ya haure gangaren gadar da ya daɗe yana turawa, yana zaune a kan sirdi, ƙafafu suna juyawa kamar ba nasa ba. Ya juya ya sauka ya sake hawa, don kawai ya tabbatar. Wasu mata masu ɗauke da shinkafa zuwa inji suka tsaya suna kallon dattijo yana wasa da tudu.

Ranar Asabar ya buɗe ƙofar farko ya hau keke da ƙwarin gwiwa. Ƙofofin sama duk ya riga ruwan da tazara. Amma tun bai kai tsakiya ba sarƙa ta fara surutu, kar-kar-kar, tana tsalle daga faifai zuwa faifai ba tare da ya taɓa komai ba. Da ya hango burtalin shanu ya tura libar har ƙarshe. Sai ya ji ƙara, taya ta cije, ya tsinci kansa a zaune cikin ciyawa. Ƙarfen giyar ya shige cikin wayoyin taya ya lanƙwashe. Yana nan yana ja da hannu ruwan ya zo ya wuce, ba ko sallama. Ranar ko ɗigo bai kai ƙarshen layi ba.

Da yamma Jaji ya zo ƙofar gida. Bai yi tsokana ba, abin da ya fi komai yi wa Malam Uba ciwo ke nan. Ya ce ganyen albasa ya fara kwanciya, in ta rasa na Talata shi ke nan. Alhaji Mustapha kuma ya aiko cewa ranar Talata shi da kansa zai biyo layin a bayan mashin ɗin Nasiru, abin da idonsa ya gani da shi za a yi aiki.

Malam Uba ya ɗora keken a Adaidaita ya dire shi gaban Hashimu.

"Ga kayanka. Ruɓaɓɓe ka sayo mini."

Hashimu ya tsuguna ya dubi ƙarfen. Ya sa tsinke ya ƙwaƙulo busasshiyar laka da ɗanyar ciyawa daga gaɓarsa, ya dubi fedar dama, ya dubi ƙahon dama, duk laka. Na hagu fes.

"Baba, in ka isa ƙofa, ya kake yi da keken?"

"Ya zan yi da shi? Ba shi da jakin tsayawa. In kwantar da shi in je in rufe."

"Nuna mini."

Malam Uba ya kama keken, ya ce bismilla, ya sake shi a kan gefensa na dama. Ƙarfen giyar ne ya fara taɓa ƙasa, nauyin keken duka ya bi ta kansa.

"Kullum a kan dama?"

"To a kan hagu zan kwantar da abin da nake ci da shi? Tun muna yara, fartanya ma a dama ake ajiye ta a gidanmu. Ka je bakin kanal ka duba keken kowa."

"Na kowa ba shi da komai a wannan gefen. Naka ma da can ba shi da shi. Baba, keke ba mamaci ba ne, ba wanda zai yi masa tambaya in an kwantar da shi a hagu. Kowace ƙofa kana lanƙwasa shi kaɗan kaɗan, har ya kai ga taya."

Masu zaman benci suka fashe da dariya. Malam Uba ya so ya yi fushi, bai samu inda zai kama ba. Hashimu ya sa babbar sifana ya miƙe kunnen ƙarfen da giyar take rataye a jiki, yana miƙewa yana hangowa ta baya da ido ɗaya a rufe. Ya canja wayoyin da suka karye, ya daidaita gaɓar da guduma ƙarama, ya ɗaure wani ɗan noti da zai hana ƙarfen sake kusantar taya. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya ƙi karɓar komai, ya ce dariyar da ya yi ta ishe shi.

Sani daban, hannu daban. Ranar Litinin Malam Uba ya yi ta gwaji a tsakar gida. Ya hau, ya zaga turmi, ya sauka. In yana tunani sai ya kwantar a hagu. Da zarar Hajara ta yi masa magana hankalinsa ya rabu, sai keken ya tafi dama, ya tare shi da ƙyar. A bakin kanal kuwa, da ruwa a bayansa, ina zai samu hankalin tunani?

Hajara tana tsince shinkafa tana kallonsa ta gefen ido.

"Malam, ka sayar mini da ɗan tunkiya don ka riƙa kokawa da ƙarfe a tsakar gida?"

"Ki bar ni da abin da ya dame ni."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ɗan kwanon da take zuba masa kunun tsamiya in zai fita. Ta sa shi a tsumma ta ƙulle, ta rataye a ƙahon dama.

"Murfin ba ya kamawa, kuma ba zan canja ba. Tun da na zo gidan nan na ga ka manta hula, na ga ka manta takalmi a masallaci, ranar sunan 'yarmu Barira har sunan ka manta. Ban taɓa ganin ka zubar da kununka ba."

Talata ta zo da rana mai zafi tun da safe. Alhaji Mustapha yana zaune a bayan Nasiru da babbar riga a naɗe a cinya. Manoman sama kowa yana tsaye a bakin ƙofarsa da fartanya, suna gaishe da Malam Uba da fara'ar da ta yi yawa. Ma'aikacin ruwa ya ce bismilla. Mukulli ya juya, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya faɗo da ruri.

Ya soke mukullin a ɗamara ta baya ya hau. Ya fara da mai laushi, ƙafa ta kama, ya tura libar baya, keken ya miƙe. Iska ta cika masa riga. A ƙofa ta biyu ya ja birki ya diro, hannunsa ya tafi inda ya saba, kunu ya yi motsi a cikin kwano, sai ga keken ya kwanta a hagu shi da kansa bai san lokacin ba. Uban Nasiru yana tsaye.

"Malam Uba, ka sha ruwa mana, ka huta. Ai da saura."

"In na dawo."

Ya murɗa, ƙofa ta zauna, ya wuce. A ƙofa ta uku, ta kawun Nasiru, ya iske an cusa dutse a ƙarƙashi don kada ta sauka. Mai gonar ya juya baya yana duban sama kamar mai neman wata. Malam Uba ya faɗa cikin busasshen kanal ya zaro dutsen da hannu, ya jefa shi gaban mutumin. Wannan ya ci masa lokaci. Da ya ɗago ya hango hancin ruwan ya karyo kwana, baƙi, da tarkace a kansa.

Ga burtalin shanu a gaba, inda ya faɗi ranar Asabar. Ya gangara a guje. Tun yana ƙasa ya tura liba, ƙafa tana juyawa, ƙas, ƙas, sarƙa ta hau babban faifan nan ta zauna daram. Keken ya kama tudun kamar an ɗaura masa igiya ana ja daga sama. Gwiwar ba ta ce komai ba. Wani makiyayi da ke jiran ya tsallakar da shanu ya ɗaga masa sanda. A bayansa ya ji mashin ɗin Nasiru yana kuka a cikin yashi, Alhaji yana cewa a bi a hankali.

Daga nan hanya ta miƙe tsakanin alkama da tumatir. Ya mayar da sarƙa kan ƙaramin faifai, ya kama ƙahonin ta ƙasa, abin da rabonsa da yi tun yana da baƙin gemu. Masu tsinkar tumatir suka miƙe daga cikin kunya suna nuna shi. Ƙofa, kwantar, murɗa, hau. Ƙofa, kwantar, murɗa, hau. Gangare na biyu ya zo ya wuce, na uku ma bai lura da shi ba sai da ya ga kansa a sama. Da ya waiwaya, kanal a bushe yake iyakar ganinsa.

Jaji yana tsugune a bakin ƙofar ƙarshe, ya dafe kai da hannu. Ya ji ƙarar taya ya ɗago. Ya dubi Malam Uba, ya leƙa kanal ya ga ƙasa a tsattsage.

"Kai kaɗai? Ina ruwan?"

"Yana tafe. Na ce masa ya bi a hankali, tsufa ya kama shi."

"Kaɗo, in wasa kake yi mini, wallahi yau sai na sa sanda."

Malam Uba ya sa mukulli ya ɗaga ƙofar Jaji har ƙarshe. Ya cire takalma, ya naɗe wando, ya sauka cikin kanal ɗin ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙugu. Ƙirjinsa yana bugawa, zufa tana ɗiga daga gemu. Mutanen ƙarshen layi suka fara taruwa a kan gaɓa.

Mashin ne ya fara isowa. Alhaji Mustapha ya sauko yana kakkaɓe riga, yana ɗingisa ƙafar da ta yi sanyi. Ya dubi dattijon da ke tsaye a busasshen kanal, ya buɗe baki zai yi magana. Sai aka ji shi, wani sauti kamar ana jan tabarma a kan yashi. Ya karyo kwana cike da kanal daga gaɓa zuwa gaɓa, bai bar ko kofi a hanya ba. Ya bugi ƙafafun Malam Uba, ya hau ƙwauri, ya kai gwiwa, ya juya ya faɗa ƙofar Jaji.

Nasiru ya kashe mashin.

"Alhaji, ni fa ban iya shiga kanal in ciro dutse a gaban kawuna ba," ya ce a hankali. "Gara a faɗa tun yanzu."

Alhaji ya yi dariya, ya gyara hula.

"Malam Uba, fito kada sanyi ya kama ka. Mukulli yana inda yake. Wanda yake da magana ya same ni a gida."

Jaji bai ji wannan ba. Tuni ya yi cikin gona da fartanya, riga a ɗaure a ƙugu, yana fasa bakin fangali yana ƙwala wa 'ya'yansa kira su zo su tare ta can, ruwan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.